Filin Makarantar Gwamnati: Wa Ke Riƙe Da Mabuɗin?

Wannan shi ne jawabin da aka gabatar a wani zama na iyaye da masu unguwanni da shugabannin samari na zangon Hausawa a bayan garin Ikko. An buga shi a nan domin maganar ta shafi mazauna Badun da Shagamu da Anaca da Fatakwal kamar yadda ta shafi na Ikko.

Sarakunan zango, limamai da malamai, iyaye maza da mata, da samarin da suka tsaya daga bayan rumfa, barkanku da hallara.

Maganar yau a kan fili ce, amma ba filin gini ba, ba kuwa filin kasuwa ba. Duk wanda ya zaga Agege ko Idi-Araba ko Mil Sha Biyu ranar Asabar da hantsi ya san abin da ake nufi. Zai tarar da yara wajen ashirin sun kafa duwatsu a tsakiyar titi, suna buga tamaula tsakanin kwata da gindin tirela, in mota ta taho su dare, in ta wuce su koma. Taku hamsin daga nan ga katangar makarantar Gwamnati, a bayanta ga fili shimfiɗe, ciyawa ta kai gwiwa, ba kowa a ciki sai ƙadangaru, ƙofa kuwa an ɗaura mata sarƙa da kwaɗo. Yaran nan ba makafi ba ne. Wata rana ɗayansu zai haura katangar, sauran su bi shi, daga nan kuma ɗayan biyu ne: ko maigadi ya kore su da sanda, ko ya miƙa hannu a ba shi na goro ya kau da kai. In aka yi rashin sa'a ƙwallo ta fasa gilashin taga, ranar Litinin hedimasta ya kai ƙara, kafin azahar labari ya game unguwa cewa 'ya'yan Hausawa sun fasa makaranta. Wanda ya ga abin da ya auku a Idi-Araba cikin 2002, ko a Mil Sha Biyu cikin 2016, ko a kasuwar Shasha ta Badun cikin 2021, ba ya raina ƙaramar husuma tsakanin baƙo da ɗan gari.

Da farko ya kamata a san yadda aka yi fili ya yi wuya haka a biranen kurmi, domin ba haka abin yake ba tun asali. Makarantun da aka gina zamanin Turawa da farkon samun mulkin kai, na Gwamnati da na mishan da na ƙungiyoyin Musulmi, da wuya a ga wadda ba ta da filin ƙwallo da hanyar tsere. Daga irin waɗannan filaye ne gasar Kofin Shugabannin Makarantu ta Ikko ta fitar da gwanaye. Marigayi Haruna Ilerika, wanda ya kasance cikin 'yan wasan da suka ci zinariya a Wasannin Afirka na 1973, a makarantar Zumratul Islamiyya aka fara saninsa. Stephen Keshi da Henry Nwosu kuwa 'yan makarantar St. Finbarr's ne ta Akoka, kuma Nwosu shi ne ƙaramin cikin waɗanda suka ɗauki Kofin Afirka a filin wasa na Surulere cikin 1980, ranar da aka ci Aljeriya uku ba ko ɗaya. Duka-duka abin da makarantun nan suka ba su shi ne fili da malamin wasa da lokaci, sauran kuwa baiwa ce daga Allah.

Sai yara suka yi yawa. A cikin Satumba 1976 Gwamnatin Janar Obasanjo ta ƙaddamar da shirin ba da ilmin firamare kyauta ga kowa, aka yi ta tururuwa, azuzuwa suka kasa. A Ikko har ta kai ana karatu kashi-kashi, waɗansu da safe, waɗansu da rana. Da marigayi Alhaji Lateef Jakande ya hau mulkin Jihar cikin 1979 sai ya ƙudura kawar da wannan tsari, ya shiga gina azuzuwa cikin gaggawa, da yawansu kuwa a cikin harabar makarantun da ake da su aka kafa su, domin can ne Gwamnati take da ƙasar da ba sai ta biya diyya ba. Shi ya sa har yau akan ga makarantu biyu ko uku ko fiye a cikin katanga ɗaya. Ba wanda zai zargi mai gina aji domin 'ya'yan talakawa, amma ajin a kan wani abu ya zauna, sau da yawa kuma abin nan filin wasa ne.

Manyan filayen gari ma ba su tsira ba. Filin sukuwa na Ikko ya zama Dandalin Tafawa Ɓalewa cikin 1972, aka malale shi da siminti. Na Adamasingba a Badun, wanda yake maƙwabtaka da Sabo, unguwar da aka keɓe wa Hausawa tun 1916, a kansa aka gina babban filin wasan da aka buɗe cikin 1988, wanda yanzu ake kira da sunan Lekan Salami. Gini ne mai kyau, abin alfahari ga gari, amma filin manyan ƙungiyoyi ne da 'yan kallo masu tikiti, ba wurin da yaro mara takalmi zai shiga ya yi guje-gujensa bayan la'asar ba.

A yi lissafi kaɗan. Cikakken filin ƙwallo yana da tsawon mita 105 da faɗin mita 68. In aka yanka shi fuloti-fuloti irin na Ikko, watau ƙafa 60 da ƙafa 120, zai ba da fuloti goma da ɗoriya. Kowa a wurin nan ya san kuɗin fuloti ɗaya a unguwarsa. Ke nan babu wata ƙungiyar zango, komai arzikin 'yan kasuwarta, da za ta sayi fili irin wannan a tsakiyar gari domin yara su yi wasa. Wanda ya rage a bayan katangar makaranta shi ne na ƙarshe, in ya tafi ba wani.

To, me ya sa aka rufe shi? A nan adalci ya wajaba, domin masu riƙe da makarantu suna da hujjojinsu. Shekara da shekaru ana ba da hayar filayen makaranta ana shagalin biki da na jana'iza irin na mutanen Yamma, a kafa rumfuna, a haƙa ramuka, a dafa abinci, a watse a bar fasassun kwalabe da bola, ranar Litinin 'yan makaranta su wuni suna shara maimakon karatu. Kuɗin hayar kuma ba kullum ake sanin aljihun da ya shiga ba. Saboda haka ne hukumomin ilmi a Ikko da waɗansu Jihohin Yamma suka sha fitar da sanarwar hana irin wannan. Ga kuma 'yan shaye-shaye da sukan mai da azuzuwa maɓoya da dare, da ɓarayin fanka da tagogi. Daga baya babbar masifa ta zo. Bayan sace 'yan matan Chibok cikin Afrilu 2014 aka shiga maganar tsaron makarantu a ƙasa baki ɗaya, kuma kurmi bai kuɓuta ba: cikin 2016 an sace 'yan mata uku daga wata makarantar kwana ta mishan a Ikorodu, cikin 2017 kuma aka sace ɗalibai shida daga makarantar Gwamnati ta Igbonla da ke yankin Epe, suka yi wajen wata biyu a hannun 'yan bindiga. Shugaban makarantar da ya ga wannan, in ya ƙara tsawon katanga ya sayi sabon kwaɗo, ba ƙiyayya ya yi wa kowa ba. In wani abu ya ɓace, ko wani yaro ya karye a harabarsa, shi za a aika wa takardar tuhuma daga ofis, ba Sarkin Hausawa ba.

Akwai kuma wani mutum da ba a cika tunawa da shi ba a cikin wannan sha'ani, shi ne maigadi. Sau da yawa shi ma ɗan Arewa ne, dattijo mai iyali a gida, yana jin yaran suna roƙonsa da harshensa, kunya ta hana shi korarsu. Ranar da abu ya ɓaci shi ake fara sallama. Samarin da suke taƙama cewa sun shirya da Baba maigadi su sani da abincin bakinsa suke wasa.

Yanzu a zo ga tambayar da ta tara jama'a: filin na wane ne? Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta sanya ƙasar kowace Jiha a hannun Gwamna bisa amana, domin amfanin 'yan Nijeriya duka, ba ta ce 'yan asalin Jihar kaɗai ba. Tsarin Mulki na 1999 ya ba kowane ɗan ƙasa ikon zama inda ya ga dama, ya kuma hana a nuna masa bambanci saboda ƙabilarsa ko addininsa ko garin da ya fito. Mai sayar da albasa a Mil Sha Biyu da mai canji a Sabo suna biyan kuɗin rumfa da na tikiti da haraji iri-iri, da irin kuɗin nan ne kuwa ake biyan malamai a yi wa azuzuwa rufi. In zaɓe ya zo, a harabar makarantun nan ake ajiye akwatuna da yawa, kuma ba a taɓa jin an ce Bahaushe ya tsaya a waje ba. Duk wannan gaskiya ne. Amma fa kada a ruɗi kai, babu ɗaya daga cikin dokokin nan da ta ce kowa yana iya shiga filin makaranta lokacin da ya so. Asibitin Gwamnati ma na jama'a ne, amma ba a shimfiɗa tabarma a ɗakin tiyata. Abin da dokokin suka bayar shi ne ikon nema, da ikon a saurari mai nema kamar yadda za a saurari ɗan gari.

Kafin a nema kuma a tabbata makarantar ta Gwamnati ce har yanzu. Cikin 2001 Jihar Ikko ta mayar da waɗansu makarantun sakandare ga mishan da ƙungiyoyin da suka kafa su, cikin 2011 kuma Jihar Anambara ta mayar da makarantun firamare fiye da 1,000 ga coci-coci. Mutanen Anaca su lura da wannan, kada su kai takarda ofishin da ba shi da iko a kan ƙofar. Inda makaranta ta Gwamnati ce, firamare tana ƙarƙashin Hukumar Ilmi ta Ƙaramar Hukuma da Hukumar Ilmin Bai-ɗaya ta Jiha, babbar sakandare kuwa tana ƙarƙashin Ma'aikatar Ilmi.

Ga inda maganar take da ɗaci, sai a yi haƙuri. A kowace makarantar firamare ta Gwamnati an tanadi a kafa kwamitin da ake kira SBMC, watau kwamitin jama'ar unguwa mai taya hedimasta tafiyar da makaranta, wanda ya ƙunshi iyaye da malamai da wakilan sarauta da na addini da na mata da tsofaffin ɗalibai. Ga kuma ƙungiyar iyaye da malamai da aka sani tun da. A irin wannan zama ne ake yanke shawarar wanda zai gyara famfo, da wanda zai sare ciyawa, da wanda za a yarda ya shigo. Mutanen zango nawa ne suke zama a ciki? A tambayi hedimastocin unguwannin nan a ji. Waɗansu iyaye sun kai 'ya'yansu makarantun kuɗi da Islamiyyoyi na gidan haya, inda ko wurin shanya allo babu, balle wurin gudu. Waɗansu sun tura su gida Arewa. Waɗansu kuwa, Allah Ya kyauta, sun bar su a bakin tireda da turin baro, alhali dokar ilmin bai-ɗaya ta 2004 ta wajabta wa kowane uba ya sa ɗansa makaranta shekara tara, kuma kyauta ne. Waɗanda suka sa nasu a makarantar Gwamnati ma, in an kira taron iyaye sai a ce ranar kasuwa ce, ko a ce da Yarbanci ake yi. Mutumin da ya shekara talatin yana ciniki da Yarbanci a Agege, ranar taron makaranta ne kaɗai harshen yake ɓace masa. Sakamakon haka hedimasta bai san fuskar uba ko ɗaya daga zango ba, abin da ya sani kawai ƙafafun da suke haura masa katanga. Ta yaya zai miƙa mabuɗi ga mutanen da bai taɓa gani a ofishinsa ba?

Buɗe makaranta ga jama'a bayan an tashi ba sabon abu ba ne a duniya. A garin Flint na ƙasar Amurka, garin masana'antun mota da ya cika da baƙi 'yan ci-rani, wani jami'in wasannin makarantu mai suna Frank Manley ya damu da yadda yara suke gararamba a titi alhali makarantu suna rufe tun la'asar. Cikin 1935 ya shawo kan attajirin nan Charles Stewart Mott na kamfanin General Motors ya ba da kuɗi, aka buɗe 'yan makarantu kaɗan da yamma da lokacin hutu. Abin da ya sa shirin ya yi ƙarfi har garuruwa da yawa suka kwaikwaya shi ne an sa mutum takanas a kowace makaranta, wanda aikinsa ke nan, shi yake buɗewa, shi yake rufewa, shi ake tambaya. Daga baya masana'antun suka ja baya, garin ya ragu, aka rufe makarantu da dama, amma dabarar ta bazu. A Ingila kuwa, bayan an sayar da filayen makarantu masu yawa ga magina, cikin 1998 aka kafa doka cewa ba a rabuwa da filin wasan makaranta sai da yardar Ministan Ilmi. Ko a can ma sai da aka yi asara aka farga.

Abin da zango yake bukata ke nan, mutum takanas da takarda. Ba samari ne za su je ba. Dattijo ɗaya da ake jin maganarsa, da uba ko uwa mai yaro a makarantar, da shugaban samari, su nemi ganin hedimasta a ofis cikin mutunci, da rana tsaka, ba a bayan katanga ba. Kada su fara da roƙo. Su fara da abin da za su kawo, domin makarantun nan kusan duka suna da ciwon da Gwamnati ba ta kai gare shi ba: ciyawar da ba mai sarewa, bayan-gidan da ya toshe, kwatar da take malalowa cikin fili, ragar gola da ta ruɓe. Zango yana da magina da masu walda da masu tifa, yana da samari hamsin da za su iya share fili cikin safiya ɗaya. Sa'an nan a nemi kwana biyu ko uku a mako, da sa'o'i sanannu, a ce Asabar da Lahadi daga ƙarfe bakwai zuwa goma na safe. In hedimasta ya ce ikon ba a hannunsa yake ba, gaskiya ya faɗa, sai a roƙe shi ya sa hannu a takardar a kai ta ofishin Sakataren Ilmi tare da shi.

A rubuta kome. A rubuta sunan babban da zai tsaya a ƙofa da lambar wayarsa, da sunayen yaran da za su shiga, da cewa ba mai kusantar aji, ba sigari, ba caca, ba mai shigo da babur. A rubuta wanda zai biya in taga ta fashe, da wanda zai kai yaro asibiti in ya ji rauni, domin wannan ne yake hana shugabannin makarantu barci. Daminar kurmi doguwa ce, in an yi ruwa da dare a haƙura da wasa, don ƙafa arba'in a kan jiƙaƙƙiyar ƙasa cikin sa'a biyu sukan mai da fili fadama, 'yan makaranta kuma su rasa wurin motsa jiki har wata guda. In da kuɗin da za a biya, a biya ta asusun da hukuma ta sani, a karɓi rasit. Abin da aka danƙa a hannu a ɓoye, ranar da aka yi wa hedimastan canji ya tafi da shi.

Sharaɗi ɗaya kuma ya fi sauran nauyi, ko da ba a rubuta shi ba: kada a nemi filin da sunan Hausawa zalla. Yaran Yarbawa da na Ibo da suke bayan layi su ma a titi suke wasa, su ma katangar nan suke kallo. In aka je tare da iyayensu, da Bale ko shugaban ƙungiyar masu gidajen unguwa, takardar ta zama ta unguwa, ba mai iya cewa baƙi sun zo ƙwace makaranta. In an raba 'yan wasa kuma a gauraya su. Wasan da aka ce zango ne da gari, ko an tashi lafiya sau tara, na goma zai iya ƙarewa a ofishin 'yan sanda.

Masu sha'awar wasannin gargajiya sun yi tambaya a kan dambe. Langa da kokawa ba wanda zai ƙi su, suna ma cikin wasannin da ake yi a Bikin Wasanni na Ƙasa, wanda aka fara a Ikko cikin 1973. Dambe shi ma yana ciki, amma damben dandali da kiɗa da kirari da liƙi da taron mahauta har dare ba na harabar makarantar firamare ba ne, wanda ya haɗa shi cikin takardar farko ya kashe takardar da hannunsa. Haka kuma sallar Idi, ko wa'azi, ko walima, kowanne a nemi izninsa daban, kada a fake da ƙwallo a shigo da lasifika.

Saura maganar mata, wadda samarin bayan rumfa ba su kawo ba. Katangar nan da ake kuka da ita, ga 'yan mata rahama ce. Uban da ba zai bar 'yarsa ta yi gudu a titi ba zai iya yarda ta shiga fili mai katanga da ƙofa, in mace ce take tsaye a ƙofar. Iyaye mata da likita ya ce su riƙa tattaki saboda hawan jini ko ciwon suga, waɗanda suke zaune a ɗaki ɗaya da tsakar gidan da bai fi tabarma uku ba, su ma ba su da inda za su. A ware musu sa'a ɗaya tasu tun a takardar farko, don in aka bari sai daga baya, maza sun riga sun cinye lokacin.

Kafin zama na gaba ana roƙon kowane mai unguwa ya kawo abu biyu a rubuce: sunayen makarantun Gwamnati da suke yankinsa waɗanda filinsu bai riga ya tafi ba, da adadin 'ya'yan zango da suke karatu a kowacce. Inda aka sami yara da yawa, can za a fara zuwa. Inda ba a sami ko ɗaya ba, sai a jinkirta maganar fili, a fara da rajistar yara in an koma hutu.